Musun Hamidou da Aliou a Lalala

Hamidou mutumin Damagaram ne, dogo, marar yawan fara'a, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Ya sauka Libreville a shekarun da man fetur ya yi daraja, lokacin da duk inda ka juya a garin nan gini ake yi, ana neman majiya ƙarfi ba a damu da inda suka fito ba. Da lodin yashi ya fara. Daga baya wani ɗan kwangila ya lura ya iya tuƙi, ya damƙa masa kamiyo, babbar motar ɗaukar yashi da tsakuwa, kuma a kanta ya yi yawancin zamansa a ƙasar nan. Ya kama ɗaki biyu a unguwar PK8, can bakin gari, inda a lokacin daji ya fi gidaje yawa, ya aika aka kawo masa matarsa Lailatu.

Ni Ɗanlaraba ne, tela daga Kano, shagona yana unguwar Lalala kusa da kasuwa. A ƙofar shagon akwai rumfar kwano da benci biyu, ina kuma da rediyo mai kama tashoshi da nisa. Saboda rediyon nan ne mutanenmu suka mayar da wurin majalisa. Ranar Lahadi bayan azahar sai ka ga 'yan Nijar, 'yan Najeriya da 'yan arewacin Kamaru an cika, ana sauraron wasan ƙwallo, in an gama kuma a shiga musu har la'asar ta yi sanyi. A nan na san Hamidou.

Ɗingishin nan nasa a filin ƙwallo ya samo shi. Tun yana saurayi a gida yake bugawa, a tsakiya, har wani mai tsaron baya ya taka masa gwiwa, aka kai shi wurin mai ɗori, ƙafar ta warke a karkace. Daga ranar bai sake bugawa ba, amma kallon wasa ya zame masa wani abu dabam. Mu muna bin ƙwallo da ido, shi yana kallon waɗanda ba ta wurinsu. Ra'ayinsa ɗaya ne, bai taɓa sauya shi ba: a riƙe ƙwallo, a miƙa wa na kusa, a matsa, a sake karɓa, kada a yi gaggawa.

"In tana ƙafarka, wa zai ci ka?" haka yake cewa. "Balo guda ce a fili. Wanda ya riƙe guga shi ke da rijiya. Ka bar ɗaya ɓangaren su yi ta gudu har harshensu ya fito, sannan ka shiga gidansu a tsanake."

Mai ja da shi kullum shi ne Aliou, Bafulatanin Garoua, mai shagon atamfa da takalma a cikin kasuwa. Gajere ne, fari, mai saurin magana da saurin dariya. Uwar Hamidou Babarbariya ce, don haka tun ranar da suka gane haka wasan Fulani da Barebari ya shiga tsakaninsu, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Aliou bai yarda da koyarwa ba sam. A wurinsa ɗan wasa haifarsa ake yi.

"Kai Babarbare, ka ishe mu da riƙo," in ji shi. "Ka taɓa jin an ba da kofi don an daɗe da ƙwallo a ƙafa? Ba ni yaro ɗaya mai gudu, da wani mai ƙarfin ƙafa, da gola mai ido. Ku riƙe ta tun safe har yamma, mu taɓa sau biyu mu ci ku."

"To in yaron naka ya kwana da zazzaɓi fa?"

"In tukunya ba nama, ko wace ce mai girkin, ruwa za ka sha."

"In kuma mai girkin ba ta iya ba, naman ma ƙonewa zai yi, Bafillace."

Haka suke yi, shekara da shekaru. Da 'yan Holland, waɗanda Hamidou ke yabo, suka kai wasan ƙarshe na kofin duniya sau biyu suna faɗuwa, Aliou ya yi wata guda yana gaishe shi da "ya haƙuri". Hamidou ba ya ɗaga murya. Yakan tsinci 'yan duwatsu ko murfin kwalba ya jera a ƙasa, ya nuna inda kowa ya kamata ya tsaya, ya ce kuskuren mutum ɗaya ne, ba na tsarin ba. Majalisar ta rabu biyu. Direbobi da 'yan lodi yawanci suna bayan Hamidou, 'yan kasuwa suna bayan Aliou. Wani lokaci musun ya sauka kan masu horarwa, ko su ne ke yin ƙungiya ko kuwa suna cin albarkacin 'yan wasa ne kawai, har sai na buga almakashi a kan tebur na ce an kira salla.

Wani dattijo a cikinmu ne ya gaji, ya ce tunda baki ya kasa raba gardamar, a kai ta fili. Aka yi dariya, amma Hamidou bai ɗauke ta wasa ba. A bayan gidajen PK8 akwai wani fili na jar ƙasa da wani kamfani ya share bai yi gini ba. Hamidou ya zubar da ragowar yashi a ramukansa, ya kafa turaku, ya tara samarin da ke lodi a wurin aikinsu. Ba zaɓe ya yi ba, duk wanda ya zo ya karɓa. Akwai 'yan Nijar, akwai 'yan Mali, akwai samari biyu 'yan ƙasa daga unguwar. Kullum in an tashi daga aiki, da ƙurar siminti a jikinsu, zai tsayar da su a da'ira, mutum biyu a tsakiya suna farautar ƙwallo. Duk wanda ya ɗaga ta sama ba dalili, sai ya fita ya zauna. Samarin sun yi ta ƙorafi cewa an hana su buga raga, an mayar da su 'yan rawa.

Aliou kuwa bai horar da kowa ba. Ya bi unguwanni yana kallon wasannin yamma, duk yaron da ya burge shi ya kira shi gefe ya yi masa alkawarin takalmi. Ni na ɗinka wa ɓangarorin biyu riguna, kore na Hamidou, ja na Aliou.

Karon farko ya faɗo cikin damina, an kwana ana ruwa irin na garin nan. Filin ya zama kunu. Yaran Hamidou suka fara abin da aka koya musu, amma duk ƙwallon da aka tura a ƙasa sai ta tsaya a kwatami a rabin hanya. Yaran Aliou suka yi ta ɗaga ta sama, wani dogo mai suna Sabitu yana binta da gudu, ya zura uku shi kaɗai. Hamidou yana tsaye a gefe cikin yayyafi, hannu a baya, bai ce a sauya komai ba. Da aka tashi Aliou ya zo da lema ya rufe shi.

"Ka gani ko? Tsarinka na ƙasar da ba ruwa ne."

"Na gani," in ji Hamidou. "Mu haɗu da rani."

Suka haɗu da rani, lokacin da sama ke yini a lumshe ba ruwa, ƙasa ta bushe ta yi tauri. Ranar na ga abin da mutumin nan yake faɗa da duwatsu. 'Yan lodin nan da ake yi wa dariya suka yi ta zagaya ƙwallo kamar suna miƙa wa juna bulo a wurin gini. Sabitu ya yi gudu har ya gaji, ya tsaya ya riƙe ƙugu. Kore suka ci biyu ba ko ɗaya. Aliou ya ce rana ce ta ɓaci wa golansa. Daga nan abin ya zama al'ada, a yi karo da damina, a yi da rani, yau wannan gobe wancan, gardamar kuwa ba ta mutu ba, sai ma ƙarin hujja da kowa ya samu. Abu ɗaya da ya sauya shi ne Sabitu, wanda wata rana ya ajiye jar riga ya je wurin Hamidou ya ce yana son a koya masa. Aliou ya kira wannan sata, ya ce dama Barebari haka suke, amma ranar sunan ɗan Hamidou shi ya kawo rago.

A watan Mayun 1981 aka buga wani wasa a Douala tsakanin wata ƙungiyar Kamaru da wata ta nan, aka tashi da rikici. Labarin da ya iso Libreville ya fi abin da ya faru girma. A bakin wannan an doki 'yan wasa, a bakin wancan an kashe su. Kafin mu ankara gari ya ɗauka, aka shiga neman 'yan Kamaru shago shago, gida gida.

Da hantsi abin ya iso Lalala. Na ji ihu daga wajen kasuwa, na ga mutane na gudu da bandir ɗin atamfa a ka, na ja ƙofar shagona na kulle. Hamidou yana kan hanyarsa ta kai yashi wurin gini ya ci karo da taron. Ya gaya mini daga baya cewa bai yi wani tunani ba, gani kawai ya yi hannunsa ya juya sitiyari. Ya kutsa da kamiyo har bakin layin su Aliou, ya bar injin a kunne. Shagon ba komai sai katakai. Aliou yana zaune a ƙasa a jingine da bango, jini ya rufe masa rabin fuska, hularsa a cikin kwata.

"Tashi," in ji Hamidou.

"Mairamou da yara," in ji Aliou. Matarsa kenan, suna zaune a bayan kasuwar.

Wata maƙwabciyarsu 'yar ƙasa, mai sayar da rogo, ita ta shigar da Mairamou da 'ya'yanta uku ɗakinta, ta zauna a bakin ƙofa da turminta tana daka, duk wanda ya tambaya ta ce sun gudu tun safe. Da ta ga Hamidou ta gane shi, ta fito da su ta bayan gida. Ya kwantar da su duka har da Aliou a kan yashin, ya ja tampol ya rufe, ya ɗauki hanyar PK8.

A hanya samari sun tare titi da tayoyi da itace. Suka hau matakalar motar ta ɓangarori biyu, ɗaya ya buga gilashi da sanda har ya tsage, suna tambayar shi ɗan ina ne. Ya nuna musu katinsa na Nijar. Suka ce me ya ɗauko. Ya ce yashi, in suna so su hau su duba, amma mai aikin yana jira, kuma su za su yi masa bayani. Ɗaya ya leƙa ta gefe, ya ga yashi na zuba daga ƙarƙashin tampol, ya daka wa motar duka ya ce ya wuce. Hamidou ya ce duk tsawon tsayuwar nan abin da yake roƙon Allah shi ne kada ƙaramar ta yi kuka. Ba ta yi ba. Uwar ta toshe mata baki da nono.

Sun yi kwanaki a ɗakin Hamidou na ciki. Lailatu ta wanke raunin Aliou da ruwan gishiri, ta ɗaure da tsohon ɗankwali, don ba wanda ya isa ya kai shi asibiti. Idon hagu ya kumbura ya rufe. Na je duba shi da gari ya ɗan lafa, na same su su biyu a kan tabarma, ba mai magana. Ban taɓa ganin mutanen nan wuri ɗaya shiru ba sai ranar. Can Aliou ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Ɗanlaraba, ka ji wai ƙwallo ce ta cinye mini shago. Shekara nawa ina kare ta a ƙofarka."

Ba wanda ya yi dariya. Hamidou ya ce, "Waɗanda suka doke ka, rabinsu ba su san ma wa ya ci wasan ba."

"To me na yi musu? Wanda ya fara jifana, ni na sayar masa da takalmin aurensa."

 Hamidou ya tashi ya fita waje ya daɗe.

Aka sanar cewa jirage za su kwashe 'yan Kamaru zuwa gida. Aliou ya ce zai tafi. Mun ba shi baki ya dakata, ƙura za ta kwanta, ya ce ko ta kwanta shi ba zai iya sake zama a kasuwar nan yana kallon fuskokin nan ba. Hamidou ya kai su filin jirgi a motar haya, don mai kamiyon ya karɓe makullinsa saboda gilashin da kuma yashin da bai isa ba. Filin ya cika da mutane da ƙullin kaya, mata zaune a ƙasa, yara na kuka. Mairamou ta rungume Lailatu ta kasa sakinta. Aliou ya riƙe hannun Hamidou da hannu biyu.

"Babarbare, na bar maka yarana jajaye. Kada ka lalata su da wannan rawar taka."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Hamidou. "Ka nemi likita ya duba idon nan da ka sauka. Kada ka ce sai gobe."

Iyakar sallamarsu kenan.

Hamidou ya samu wata motar a wani kamfani, ya ci gaba da aiki. Amma filin PK8 bai sake taka shi ba. Samarin suka zo har gida, kore da ja, Sabitu a gaba, suka roƙe shi. Ya ce su yi haƙuri, su buga abinsu, shi ƙafarsa ta gaji da tsayuwa. Biyun nan 'yan ƙasa suka zo daban, suka tsaya a ƙofa kansu a ƙasa, suka rantse ba su fita ranar ba. Ya ce ya sani, ya sa Lailatu ta ba su abinci. Majalisa ma ya daina zuwa. In ya kawo ɗinki sai ya zaɓi ranar da ba kowa.

Sai da shekara ta zagayo, lokacin kofin duniya na Spain, ya dawo. Na sayi talabijin, rumfar ta cika har titi. Kamaru ta je karon farko, kuma a unguwar ba mai iya murna da ƙarfi, sai dai a yi ta a ciki. Hamidou ya zauna a ƙarshen benci ya kalli wasanninta uku, duk canjaras, aka fitar da ita ba wanda ya doke ta. Da aka tashi na ƙarshen na ji ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Bafillacen nan yana can yana cewa aikin golansu ne."

Ranar da Italiya ta fitar da Brazil, waɗanda suka fi kowa iya riƙon ƙwallo a shekarar, samarin 'yan kasuwa suka juyo kansa. Wani ya ce ga ƙarshen riƙo nan, wani ya ce ƙarfi ne kawai ke cin wasa. Hamidou ya saurare su har suka gama, sannan ya girgiza kai.

"Ba haka ake faɗarta ba. Ku ba ku iya ba. Ba ƙarfi ba ne. Cewa za ku yi, mutum ɗaya suke da shi wanda ya san inda raga take, ya samu dama kaɗan bai zubar ba. Cewa za ku yi, mai horarwa ba ya shiga fili ya buga wa kowa. Sannan ku tambaye ni, in tsarina na da kyau, me ya sa kullum mu ake yi wa jaje."

 Wani yaro ya ce, "To Baba, mene ne amsar?"

"Wanda zan ba amsar ba ya nan," in ji shi. Ya sa takalminsa ya tafi masallaci.

Bayan 'yan shekaru farashin mai ya faɗi, gine-gine suka tsaya, kamfanoni suka fara sallamar direbobi. Hamidou ya ce lokacin komawa ya yi. Ya sayar da 'yan kayansa, ya bar wa Sabitu ƙwallaye biyu da usur, ya ce ba ta jirgi zai tafi ba, ta ƙasa zai bi, ta Kamaru. Mun san dalili, ba wanda ya tambaya.

Sabitu ne ya kawo mana sauran labarin, shekaru bayan haka, da ya je ganin gida ya biya ta Damagaram. Hamidou ya sami Aliou a Garoua, yana da ɗan tebur na takalman roba a bakin kasuwa. Idon bai tashi ba. Ya rame, gashinsa ya yi fari, amma bakin yana nan. Hamidou da iyalinsa suka yi niyyar kwana biyu, suka yi kusan wata, har Mairamou ta ce in ba su tafi ba za ta nema musu gona. Ba su sake haɗuwa ba bayan wannan. Aliou ya riga shi rasuwa.

A Damagaram Hamidou ya buɗe 'yar rumfar faci a bakin tasha. Sabitu ya ce ya same shi ya tsufa, yana tafiya da sanda, 'ya'yansa ne ke yawancin aikin. Yaran unguwa kan kawo masa ƙwallonsu in ta sace, ya liƙe ta, ya ba ta iska, ya matsa da babban yatsa ya ji, ya miƙa musu ba ya karɓar komai. Ya tambayi kowa na Lalala da sunansa, har da matar nan mai rogo, ya ba Sabitu turmin atamfa ya kai mata. Da Sabitu ya dawo ya neme ta, aka ce ta koma ƙauyensu, sai ya ba 'yarta.

Labarin rasuwarsa ya iso mana da azumi, ta bakin wani direba. Bayan la'asar muka taru a ƙofar shagona, mu da muka rage, da wasu daga cikin samarin nan da yanzu duk sun zama magidanta. Liman ya yi addu'a, muka shafa.  Muka zauna tare har aka kira magariba, Allah ya jiƙansu su biyun.